Faifan CD na bogi a cikin filashi: me ya sa ba ya rubutuwa, kuma ta ina ake shigarsa

Akwai filashin da in ka soka shi a kwamfuta, maimakon harafi ɗaya sai ka ga biyu sun fito. Ɗaya ma'ajiya ce irin wadda aka saba, ka zuba fayil ka goge yadda ka ga dama. Ɗayan kuma yana ɗauke da alamar faifan CD, a cike yake maƙil, babu ko bayit ɗaya da ya rage, kuma duk abin da ka gwada, goge fayil ne, sauya suna ne, fomat ne, sai Windows ta ƙi. Yawanci kamfanin da ya ƙera filashin ne ya ajiye manhajarsa a wurin, ko kuma wata ma'aikata ta sa aka zuba mata tallarta kafin ta raba wa jama'a a wajen taro.

Mutane da yawa suna ɓata yini guda suna neman makullin a cikin Windows. Ba a can yake ba. Kulle-kullen duka yana cikin filashin, a hannun ƙaramin cif ɗin da ke tafiyar da shi, kuma sai an yi magana da wannan cif ɗin da harshen da kamfaninsa ya koya masa kafin wani abu ya motsa.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar irin matsalar da ke gabanka, domin cututtuka uku ne suke kama da juna a ido. Ta farko, filashin da aka zuba wa fayil ɗin ISO, wato hoton faifan CD gaba ɗaya a fayil guda, kai-tsaye da manhajar dd ko balenaEtcher don girka Linux. Shi ma tsarin fayil na CD ne a kansa, shi ma ba ya karɓar rubutu, amma filashi ne guda ɗaya lafiyayye. Umarnin clean a cikin diskpart, manhajar raba faifai ta Windows, ko wipefs -a a Linux, sannan a yi sabon ɓangare a yi fomat, shi ke nan ya dawo daidai. Ta biyu, filashin da ƙwayoyin ma'ajiyarsa suka gaji, sai ya kulle kansa baki ɗaya don kada sauran bayanan su salwanta. Wannan ka kwashe kayanka tun yana karantuwa, ka nemi wani. Ta uku ita ce tamu: filashi ɗaya da ke gabatar da kansa a matsayin na'ura biyu.

Bambancewa ba wuya. A Windows ka buɗe Device Manager. In ka ga sabon abu ya bayyana a rukunin na'urorin DVD da CD lokacin da ka soka filashin, ya kuma ɓace da ka zare, to ta uku ce. A diskpart ma, list volume zai nuna shi da tsarin CDFS ko UDF, amma list disk ba zai nuna shi ba ko kaɗan. A Linux lsblk zai kawo sdb, wato ma'ajiyar, da kuma sr0 ko sr1, wato CD ɗin, a lokaci guda, kuma lsscsi -g zai nuna su biyun a adireshi ɗaya, lambar ƙarshe ce kawai ta bambanta, 0 da 1.

Abin da ke faruwa a ciki

In ka fasa murfin filashi, abu biyu ne muhimmai: cif ɗin NAND inda bayanai suke kwance, da kontirola, wato ƙwaƙwalwar da ke tsakanin NAND da kwamfuta. Kwamfuta ba ta taɓa ganin NAND da idonta. Kamar mai kaya ne da ya zo bakin sito: da mai gadi yake magana, in mai gadi ya ce ɗaki biyu ne kuma ɗaya a rufe yake, to haka ne, ko da kuwa a ciki zaure ɗaya ne babu ko katanga.

Da zarar an soka filashi, kwamfuta takan tambaye shi rukuni nawa yake da su. Waɗannan rukunai su ake kira LUN. Sannan ta aika wa kowanne umarnin INQUIRY na tsarin SCSI, domin filashi, duk da ta USB yake shiga, da umarnan SCSI ake zance da shi. A cikin amsar akwai lambar nau'in na'ura: 00 na nufin faifai irin na ajiya, 05 na nufin na'urar CD ko DVD. Kontirolar ce ke faɗin 05 a kan rukuni ɗaya, kuma daga nan kwamfuta ta ɗauko direban CD ta ɗora masa. Sassan karatunsa ma sukan zama na bayit 2048 irin na CD, maimakon 512 da aka saba gani a filashi.

Shi ya sa katangar hawa uku ce. Direban CD na Windows ba zai aika rubutu ga faifan da aka ce masa na karatu ne kawai ba. Tsarin fayil ɗin da ke kai, ISO 9660, wanda aka kafa tun 1988, an tsara shi ne a rubuta sau ɗaya a gama: fayiloli a jere suke manne da juna, ba shi da lissafin wurin da babu kowa, don haka ba shi da hanyar ƙara fayil ko faɗaɗa wani. In kuma ka tsallake waɗannan biyun ka aika umarnin rubutu kai-tsaye da irin sg_raw, kontirolar da kanta za ta mayar maka da shi, ko ta ce wurin a kare yake, ko ta ce ba ta san umarnin ba.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa shawarwarin da suka cika intanet ba sa aiki a nan. Attributes disk clear readonly a diskpart alama ce da Windows ke riƙewa a wajenta, kuma ba za ka ma iya zaɓar rukunin CD a matsayin disk ba balle ka cire masa ita. Sauya WriteProtect zuwa 0 a ƙarƙashin StorageDevicePolicies a rijistar Windows yana cire hanin da Windows ce ta sa, ba wanda filashi ya sa ba. Haka hdparm -r0 da blockdev --setrw a Linux: suna sauya ra'ayin Linux ne game da na'urar, na'urar kuwa tana nan a kan bakanta. Manhajojin da ke kiran kansu masu fomat na can ƙasa su ma sifili suke rubutawa ta ƙofar da kowa ke bi, sai su share maka ɓangaren ajiya tas su bar CD ɗin yana kallonka.

Gara a faɗa tun yanzu: ba za ka taɓa mayar da wannan ɓangaren wurin jawo fayil ka jefa ba muddin yana amsa sunan CD. Abin da ake iyawa uku ne. A maye gurbin hoton faifan gaba ɗaya da sabo, a sauya girman ɓangaren, ko a kashe shi a mayar da filin ga ma'ajiya. Duk wanda ya ce ya samu damar rubutu a kai, ɗaya daga cikin ukun nan ya yi.

Ka fara kwafe tsohon

Duk hanyoyin da za su biyo baya suna iya share filashin kakaf, har da ɓangaren ajiya. Ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri. Sannan ka ɗauki hoton CD ɗin kansa, ba kwafar fayilolin ciki kawai ba. A Linux:

dd if=/dev/sr1 of=tsoho.iso bs=2048

A Windows, ImgBurn zai karanta shi zuwa ISO kamar kowane faifai. Amfanin hoton shi ne yana riƙe sunan faifan da bayanan tayar da kwamfuta, waɗanda kwafar fayiloli ba ta ɗaukowa. Wasu manhajojin kamfani suna duba sunan faifan kafin su tashi, in ya sauya sai su ce ba su ga filashin ba.

In ƙari ko gyara kake so a kan abin da ke ciki, xorriso ya fi dacewa, domin yana ɗaukar tsohon hoto ya fitar da sabo ba tare da ya zubar da bayanan tayarwa ba:

xorriso -indev tsoho.iso -outdev sabo.iso -map sabuwar_folda /sabuwar_folda -boot_image any replay

In kuma daga farko za ka gina, genisoimage -J -r -V SUNA -o sabo.iso folda ya wadatar. Kada ka manta -J, shi ne ke sa Windows ta ga dogayen sunaye yadda suke. Fayil guda da ya kai gigabayit 4 ba ya shiga ISO 9660 na yau da kullum, sai an koma mataki na 3 na tsarin ISO 9660 ko tsarin UDF, kuma ba kowace manhajar zubawa ce ke karɓar hoton da ya wuce wannan girman ba.

In U3 ne, ka yi sa'a

U3 tsari ne da SanDisk da M-Systems suka fito da shi a 2005, kuma shi ya fi yaɗa wannan dabara. Filasan Cruzer na wancan zamani suna zuwa da ɗan ƙaramin CD na kimanin megabayit 6, a cikinsa akwai LaunchU3.exe. Dalilin yin sa shi ne Windows XP tana tayar da manhaja da kanta daga CD, amma ba ta yin haka kai-tsaye daga filashi, sai aka sa filashin ya yi shigar CD. SanDisk ta fara janye U3 a ƙarshen 2009, amma filasan suna nan a aljihunan tebur.

Sauƙin U3 shi ne umarnan sarrafa ɓangaren CD a cikin manhajar filashin suke, ba sai an sake masa manhajar ciki, wato wadda ke tafiyar da kontirolar, ba. Don cirewa kawai, SanDisk ta fitar da U3 Launchpad Removal Tool. Don sauya abin ciki kuwa akwai u3-tool, wadda ke cikin rumbun manhajojin Debian, akwai kuma ta Windows. Ka fara da tambaya:

u3-tool -i /dev/sdb

Za ta nuna girman CD da na ajiya, da ko akwai kalmar sirri. In a kulle yake, ka buɗe da -u, ka kashe tsaron da -d kafin ka ci gaba. Ka duba girman sabon hotonka a bayit da stat -c %s sabo.iso, ka ba -p wannan adadin ko abin da ya ɗan ɗara shi. Daga nan ka zare filashin ka sake sokawa, domin sai a lokacin kwamfuta za ta ga sabon rabon. Sannan:

u3-tool -l sabo.iso /dev/sdb

In kashe CD ɗin kake so, -p 0. Bayan kowane sauyin girma ɓangaren ajiya yana buƙatar sabon fomat, tunda iyakarsa ta motsa. In hoton bai fi girman da ake da shi ba, -l kaɗai ya isa, kuma a ƙa'ida ba ya taɓa ajiya, amma wannan ba dalilin ƙin kwashe kaya ba ne. Abu ɗaya da za a kiyaye: /dev/sdb misali ne. Ka duba lsblk sau biyu kafin ka danna.

Sauran filasai: manhajar masana'anta

A nan ne aikin yake. Filashin da ba U3 ba, an yi masa ɓangaren CD ne a masana'anta da manhajar da ake kira MPTool, wadda ake amfani da ita wajen shirya filasai da yawa a lokaci guda: ta gwada NAND, ta ware gurɓatattun sassa, ta zuba manhajar ciki, ta raba fili. Da ita aka ɗaura, da ita ake kwancewa. Kowane kamfanin kontirola da tasa, kuma ba sa shiga gonar juna.

Sunan da ke jikin murfi ba ya gaya maka komai. Filasai biyu masu suna ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya, suna iya ɗaukar kontirola daban idan ba zubi ɗaya aka yi su ba. Lambobin VID da PID, waɗanda na'urar USB ke faɗa wa kwamfuta don nuna kamfani da samfur, suna ɗan haska hanya: 13FE yakan nuna Phison, 090C Silicon Motion, 058F Alcor Micro, 1F75 Innostor, 1E3D Chipsbank. Sai dai manyan kamfanoni suna sa tasu lambar, kamar 0951 ta Kingston da 0781 ta SanDisk, kuma duk mai MPTool yana iya rubuta lambar da ya so. Don haka ka gudanar da ChipGenius ko Flash Drive Information Extractor, ka rubuta abu huɗu a takarda: lambar kontirola, sigar manhajar ciki, Flash ID, da VID da PID na asali. Flash ID jerin lambobi ne da NAND ke bayarwa game da kansa, kuma bayit na farko shi ne maƙerinsa: 98 Toshiba wadda sashenta na NAND yanzu ake kira Kioxia, EC Samsung, AD Hynix, 2C Micron, 89 Intel, 45 SanDisk. In manhajojin biyu suka saɓa a kan kontirola, ka buɗe murfin ka karanta rubutun da ke bayan cif ɗin. Shi ba ya ƙarya.

Manhajar da za ka nema dole ta dace da kontirola da NAND a tare. Wannan shi ne inda aka fi faɗuwa. MPTool tana ɗauke da jerin NAND ɗin da ta sani, kuma in sigarta ta girmi NAND ɗinka, ko dai ta ƙi shi, ko, wanda ya fi muni, ta ɗauke shi a matsayin wani makamancinsa ta zuba masa saitin da ba nasa ba. Ka nemi sigar da ta fito a shekarar da aka ƙera filashin ko jim kaɗan bayanta. Sabuwa fil ba lallai ta fi ba, domin akan cire tsofaffin cif daga jerin.

A wajen Phison, masu lambobi irin PS2251-03, PS2251-07 da PS2251-67, manhajar ita ce MPALL, sai GetInfo da ke nuna halin da filashin ke ciki. Phison lamba take ba kowane tsarin rabo: 3 shi ne filashi na yau da kullum, 21 shi ne CD haɗe da ajiya. A shafin saiti za ka zaɓi kontirola, ka sa adadin ɓangarori 2, ka mayar da ɗaya CD-ROM, ka nuna masa ISO ɗinka. Don cirewa, ɓangare 1. Akwai akwatin Do ISP, wanda ke sa a sake zuba manhajar ciki, kuma yana neman fayil biyu, mai farawa da BN da mai farawa da FW. Ka fara gwadawa ba tare da shi ba. In rabon fili kawai kake sauyawa, sau da yawa manhajar da ke ciki ta isa, kuma ka kauce wa haɗari mafi girma. Filashin da ke kan 21 yakan yi gardama in aka nemi a sake zuba masa CD kai-tsaye. Maganin shi ne a mayar da shi 3 tukuna, a zare, a soka, sannan a koma 21. ModeConverter na yin wannan juyin a wasu kontirolocin ba tare da buɗe MPALL ba.

A wajen Silicon Motion, irin SM3257 da SM3267, ka danna Scan USB, ka shiga Setting, kalmar sirrin da aka saba ita ce 320. Akwatin Make Auto Run shi ne na CD: ka sa alama ka nuna ISO, ko ka cire alamar in kashewa kake so. Ka lura da zaɓin gwajin farko. Wanda ke share dukkan sassa yana iya goge alamun gurɓatattun sassan da aka sa tun a masana'anta, sai an sake cikakken gwaji kafin a gano su. In filashin lafiyarsa ƙalau, ka zaɓi wanda ke share lafiyayyun sassa kaɗai. AlcorMP ta Alcor da UMPTool ta Chipsbank kusan haka suke, sunayen akwatuna ne suka bambanta.

Sharuɗɗan aiki ɗaya ne a duka. Kwamfuta mai Windows ta gaske, ba wadda ke gudana a cikin wata ba, domin filashin yakan ɓace ya dawo da wata lambar a tsakiyar aiki, kuma a wannan ɗan tsakanin ne na'urar kwaikwayo ke sakin sa. Tsofaffin manhajojin sun fi jin daɗin Windows 7. Ka soka a ramin USB 2.0 na jikin kwamfutar kai-tsaye, ba ta doguwar waya ko marabar ramuka ba. Ka cire duk wani filashi da ke jone, tunda manhajar an yi ta ne don ta kama duk wanda ta gane ta yi masa aiki. Ka ajiye manhajar da ISO ɗin a folda mai gajeren adireshi da haruffan boko zalla, babu tazara. In laftof ce, ta kasance da caji. Da aiki ya fara, hannu ya bar filashin har akwatinsa ya koma kore.

Wani abu da bai kamata a ɓoye ba: waɗannan manhajoji kamfanoni ba su sake su don jama'a ba, zurarewa suka yi daga masana'antu, kuma a dandalolin Rasha da na China aka fi samun su. Manhajar kare kwamfuta takan yi ihu a kansu, wani lokaci a banza, wani lokaci da gaskiyarta. Tsohuwar kwamfutar da ba ta da muhimmin abu kuma ba ta kan intanet ita ta dace da wannan aiki, ba wadda kake shiga banki da ita ba.

Filasan SanDisk na bayan U3 galibi kontirolarsu ta gida ce, kuma manhajar masana'antarsu ba ta yawo a waje. In ChipGenius ta kasa gano komai a kansu, ba laifinka ba ne, kuma ba wata manhajar Phison ko Alcor da za ta taimaka.

In abin ya ɓaci

Alamar da aka fi gani ita ce filashin ya fito da girman sifili, ko Windows ta ce a saka faifai. A Phison sunansa ma yakan koma wani abu kamar 2307 PRAM. Ma'anarsa kontirola tana raye amma ba ta sami manhajar da za ta tashi da ita a NAND ba. Wannan bai mutu ba: MPALL za ta gan shi, sai a ba shi BN da FW da suka dace.

Wanda ya fi wuya shi ne filashin da kwamfuta ba ta gani kwata-kwata, saboda kontirola ta ɗauko gurɓatacciyar manhaja ta maƙale a kanta. Dabarar ita ce a hana ta karanta NAND a daidai lokacin tashi, sai ta koma ga 'yar manhajar da aka gina a jikinta, wadda ba ta gogewa. A NAND mai ƙafafu 48, ƙafafun bayanai su ne 29 zuwa 32 da 41 zuwa 44. Ana ƙirga ƙafa ne daga ɗigon da ke kusurwar cif ɗin, a bi saɓanin tafiyar agogo. Ka haɗa biyu maƙwabta, kamar 29 da 30, da bakin allura, ka soka filashin a haka, bayan daƙiƙa biyu ko uku ka ɗage allurar. Ka nisanci 12 da 13, da 36 da 37: wuta ce da ƙasa, haɗa su na iya ƙona filashin har da ramin kwamfutar. Gajeriyar wayar ƙari tana da amfani a wannan matakin kaɗai, don kada hannu ya girgiza wajen sokawa. Filashin da aka narka komai nasa cikin baƙin dunƙule ɗaya, ko mai NAND da ƙafafunsa ke ƙarƙashi, ba shi da inda allura za ta taɓa cikin sauƙi.

Wani lokaci aiki ya kammala da kore amma girman ya ragu, filashin gigabayit 16 ya dawo 8. Ko dai an zaɓi NAND ba daidai ba, ko manhajar ta ga rabin cif ɗin kawai, ko gwajin ya tsananta ya zubar da sassa da yawa. Ka koma ga Flash ID da ka rubuta a takarda ka gwada da wanda manhajar ta nuna.

Masu kama da filashi amma ba shi ba

Modem ɗin 3G da 4G na USB su ma sukan fito da CD mai ɗauke da direbobinsu. Nasu yana cikin manhajar modem ɗin ne, MPTool ba ta da hurumi a kai. A Linux usb_modeswitch ce ke umartar su su ajiye shigar CD su koma modem. A yawancin na ZTE, umarnin AT+ZCDRUN=8 yana hana CD ɗin fitowa, 9 kuma ya dawo da shi. Rumbunan waje na Western Digital da suka zo da SmartWare a wajajen 2009, kamfanin ya fitar musu da manhajar ɓoye CD ɗin, amma ɓoyewa ce, filin ba ya dawowa.

Filasai masu ɓoye bayanai da kalmar sirri, irin IronKey da DataTraveler Locker+, su kam a bar su. CD ɗinsu shi ke ɗauke da manhajar buɗewa, kuma rashin rubutuwarsa wani yanki ne na tsaron, don kada wani ya musanya ta da mai satar kalmar sirri. Ko da an samu hanyar sake musu manhaja, mabuɗin bayanan zai tafi tare da ita. Ba hanyar buɗe filashin da aka manta kalmarsa ba ce, hanyar rasa abin da ke ciki ce har abada.

Shin aikin ya ci wahalarsa?

Dalilin farko na ƙirƙiro dabarar ya riga ya mutu. Windows 7 ta daina ko nuna zaɓin tayar da manhaja daga filashi, XP da Vista suka bi sahu da sabuntawar Fabrairun 2011, kuma Windows ta yanzu ko CD ne sai ta tambaye ka kafin ta buɗe komai. Batun tsaro kuma ya fito fili a 2014, lokacin da Karsten Nohl da Jakob Lell suka nuna BadUSB a taron Black Hat: kontirolar da ke iya cewa ita CD ce tana iya cewa ita allon madannai ce, wato kibod, ta shiga buga umarni da kanta. A wannan shekarar Adam Caudill da Brandon Wilson suka saki lambobin yin haka a kan Phison 2251-03. Don haka filashin kyauta da ba ka san asalinsa ba, cire masa CD bai wanke shi ba.

Inda abin ke da amfani na gaske shi ne ga mai gyaran kwamfuta. Kayan aikin da ke kan ɓangaren CD, cutar da ke kwamfutar da ake gyarawa ba za ta iya rubuta kanta a ciki ba, kuma tsofaffin injinan da ke ƙin tashi daga filashi sukan tashi daga CD na USB. Amma in za ka riƙa sauya ISO kowane mako, MPTool ba hanyarka ba ce: kowane zubi sharewa ce gaba ɗaya, kuma kowane zubi wata dama ce ta kashe filashin. Akwatunan IODD da Zalman ZM-VE300 suna yin wannan kwaikwayon daga fayilolin da ka ajiye a foldar _ISO, ka zaɓa da maɓalli. Ventoy, wadda ta fito a 2020, tana tayar da kwamfuta daga ISO da yawa a filashi na yau da kullum, sai dai ba ta ba da kariyar hana rubutu. Raspberry Pi Zero ma yana iya zama CD da modprobe g_mass_storage file=sabo.iso cdrom=1.

In ka zaɓi zubawa kuma an gama, kada koren akwati ya ishe ka shaida. Ɓangaren CD yakan ɗan fi hoton girma saboda ciko, don haka in ka lissafa sha256sum, wato lambar tantance abin da ke ciki, na /dev/sr1 gaba ɗaya ba zai yi daidai da na ISO ba ko da komai lafiya. Ka raba girman ISO da 2048, ka ba dd wannan adadin a count, ka lissafa na abin da ya fito, ka gwada su. Ɓangaren ajiya kuma ka cika shi da H2testw a Windows, ko f3write da f3read a Linux. In gwajin ya nuna ko sashe ɗaya da ya lalace, saitin NAND bai zauna ba, sai a koma MPTool da wata sigar kafin a ɗora masa wani fayil.